Wiwi Ɗaya, Kawuna Daban-daban: Me Ya Sa Take Zautar da Wani Ta Ƙyale Wani?

  Daga nan Soron Ɗinki nake muku magana, a cikin birnin Kano. In kun ji ƙarar adaidaita sahu ko kukan keken ɗinki a bayana, ku yi haƙuri, unguwar kenan.

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne. Kuma maganar da zan yi, amsa ce ga wata magana da na gaji da jin ta. Duk majalisar da muka zauna da matasa kan shaye-shaye, sai wani ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ku daina tsorata mu. Ga wane can ya fi shekara 20 yana busa wiwi, lafiyarsa ƙalau, yana da mata da 'ya'ya, yana kasuwarsa. In da tana haukatarwa ai da tuni ya bi bola." Sai a kwashe da dariya, a ce an ƙure mu.

To, ni ba zan ƙaryata shi ba. Gaskiya ya faɗa, akwai irin wane ɗin, ni ma na san su. Amma rabin gaskiya ce. Ɗaya rabin nake so mu duba yau.

Bari in fara da labarin wasu abokaina biyu. Ba zan kama suna ba, domin iyayensu na raye, kuma wasu a cikinku za su iya gane su. Tare muka tashi, islamiyyarmu ɗaya, ƙungiyar ƙwallonmu ɗaya. Muna aji biyar na sakandare suka fara sha, rana ɗaya, a kango ɗaya, nadi ɗaya suke karɓa-karɓa. Shekararsu 16 zuwa 17 a lokacin.

Na farkon yau yana da teburinsa a Kantin Kwari. Ya sha ta wajen shekara shida, daga baya ya bari da kansa da zai yi aure. In ka gan shi ba za ka ce ya taɓa riƙe ta ba.

Na biyun kuwa, wanda ya fi mu ƙoƙari a lissafi gaba ɗayanmu, yana shekara 20 abin ya fara. Da farko daina zuwa majalisa ya yi. Sai ya ce in ya wuce ana zundensa. Sai ya ce mai gabatar da labarai a rediyo da shi yake. Ya liƙe tagar ɗakinsa da kwali. Ya daina cin abincin mahaifiyarsa, wai ana zuba masa wani abu. Da daddare a ji shi yana gardama da wasu mutane, a leƙa a ga shi kaɗai ne.

Kun san yadda muke yi. Aka ce iska ce. Aka ce sammu ne, an ga yaro mai ƙwaƙwalwa an jefe shi. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Da abin ya ci tura aka kai shi wani gidan mari, ya yi wata tara da sasari a ƙafa. Sai da aka ci shekara biyu cur kafin a kai shi gaban likitan ƙwaƙwalwa. Ina cikin waɗanda suka raka shi.

Likitan ya yi tambayoyi da yawa, amma guda ɗaya ce ta tsaya min a rai. Ya dubi mahaifiyarsa ya ce: "Hajiya, a danginku ko dangin mahaifinsa, akwai wanda ya taɓa irin wannan lalurar?" Ta yi shiru. Can ta sunkuyar da kai ta ce akwai baffansa, ƙanin mahaifinsa, wanda ya rasu tun yaron bai yi wayo ba. Shekara da shekaru a kulle a ɗaki. Ba a taɓa gaya wa yaran gidan ba, don kada a ce gidan su wane akwai hauka.

Wallahi daga ranar nan na fara neman sanin abin da ke tsakanin gado da wiwi da taɓin hankali. Abin da na fahimta shi zan gaya muku, da Hausar da kowa zai gane.

Ciwon da likita ya ce yana damun abokina sunansa sikizofireniya. Ba kowane taɓin hankali ne sikizofireniya ba, nau'i ɗaya ne daga ciki, amma yana cikin masu tsanani. Alamominsa su ne waɗanda na lissafa: jin muryoyin da babu su, zargin da ba hujjar da za ta kawar da shi, magana ta warwatse, mutum ya janye daga jama'a, ya daina kula da wanka da sutura. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 24 ne ke ɗauke da shi, wato kamar mutum 1 cikin 300. A wajen maza ya fi bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa 'yan shekaru 20 da wani abu. Ku riƙe wannan, domin shi ne daidai lokacin da samarinmu ke fara busa.

Yanzu mu shiga cikin kai. Me wiwi take yi in ta isa ƙwaƙwalwa?

A 1964 wasu masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka ware sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi. Shi ake kira THC. Sai tambaya ta taso: ya aka yi sinadarin ganye yake juya tunanin mutum haka? A 1988, a ɗakin binciken Allyn Howlett a Amurka, aka gano cewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wata mahaɗa da wannan sinadari ke shiga ya zauna daram. Ku ɗauke ta kamar kwaɗon ƙofa, shi kuma THC mukulli. Aka sa wa wannan kwaɗo suna CB1. A 1993 aka gano na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki.

To, wani zai ce: kun gani ko? Ashe an halicce mu da wurin wiwi a ka! A'a, ɗan uwa, tsaya ka ji. Kwaɗon ba don wiwi aka yi shi ba, yana da mukullinsa na gida. A 1992 aka gano cewa jikin mutum da kansa yana haɗa wani sinadari da ke buɗe wannan kwaɗo, aka sa masa suna anandamaid, daga baya a 1995 aka gano wani, 2-AG. Aikinsu daidaita saƙonni ne tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. In wani saƙo ya yi yawa, su ce masa sassauta. Suna da hannu a barci, da jin yunwa, da tuna abu, da tsoro, da jin zafi. Kuma jiki yana haɗa su ne kaɗan, a daidai wurin da ake buƙata, a daidai lokacin, sannan ya rushe su nan take.

THC kuwa mukullin ɓarawo ne. In ya shigo ba ya zaɓe. Ƙofofin gidan duka yake buɗewa lokaci guda, ya bar su a buɗe na sa'o'i. Shi ya sa mai sha yake jin yunwa, ya manta abin da yake faɗa, lokaci ya ja masa, wani kuma tsoro ya kama shi ya ga kamar ana binsa. Wannan tsoron da 'yan busa ke yi wa dariya, ƙanin zargin nan ne da ya kama abokina.

Ga wani abu kuma. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, musamman ɓangaren goshi, mai kula da hangen nesa da yanke shawara. Kuma wannan tsari na kwaɗo da mukulli yana cikin masu lura da ginin. Mu nan unguwar maɗinka ce, kun san bambancin taɓa rigar da aka gama da wadda take kan keke. In ka ja yadi allura na tafiya, layin ya karkace kenan. Yaron da ya fara sha yana 15, yadin da ke kan keke yake ja.

Yanzu mu zo kan gadon. Kowane sashe na jikinmu akwai umarnin ƙera shi a rubuce cikin ƙwayoyin gado, waɗanda muka karɓo rabi daga uwa rabi daga uba. Umarnin ƙera kwaɗon CB1 yana cikin wata ƙwayar gado da ake kira CNR1, na CB2 kuma CNR2. Kowa yana da su. Amma rubutun nawa da naka ba lallai ya zo iri ɗaya sak ba, akan samu bambancin harafi nan da can. Kamar kwaɗo ne na kamfani ɗaya, amma wani ya fi wani saurin buɗewa, wani gidan kuma ya fi wani yawan ƙofofi.

Masana suka ce to, ko wannan bambancin ne ke sa wani ya kamu wani ya tsira? A 2002 wasu likitoci a Japan, ƙarƙashin Hiroshi Ujike, suka ba da rahoton cewa wani salon rubutun CNR1 ya fi yawa a wajen masu wani nau'i na sikizofireniya. A 2010 wasu masanan, a Japan ɗin dai, suka samu makamancin haka a CNR2. Aka kuma duba wasu ƙwayoyin gadon da ke aiki bayan an buɗe kwaɗon. A 2005 wani bincike kan mutanen garin Dunedin na ƙasar New Zealand, waɗanda aka bibiye su tun daga haihuwa, ya nuna alamar cewa masu wani salo na ƙwayar COMT sun fi shiga haɗari in sun fara wiwi da ƙuruciya. A 2012 kuma Marta Di Forti da abokan aikinta a Landan suka duba ƙwayar AKT1, suka ga cewa a cikin masu sha kullum, masu wani salo nata sun ninka masu ɗaya salon kusan sau 7 wajen kamuwa da taɓin hankali.

Amma fa ku saurara da kyau, don ba na son a fita daga shirin nan a ce an gano ƙwayar hauka. Da aka maimaita waɗannan bincike a wasu ƙasashe, da mutane masu yawa, wani wurin an ga abin, wani wurin ba a gani ba. Na COMT ma musamman, binciken da aka yi a Ingila daga baya bai tabbatar da shi ba. Abin da ya fito fili shi ne: ba ƙwaya ɗaya ba ce. A 2022 aka wallafa babban bincike a mujallar Nature, aka duba ƙwayoyin gadon masu sikizofireniya sama da 76,000, aka samu wurare 287 da ke da hannu a ciwon. Kowane ɗaya ɗan tasirinsa ƙanƙani ne. Taruwarsu ce ke yin nauyi.

Bari in kwatanta da abin da muka sani. Mu Kanawa yanzu mun waye da maganar sikila. AA, AS, SS, har yara sun haddace. Tun watan Mayun 2024 ma doka ce a jihar nan, sai an yi gwaji kafin a ɗaura aure. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce tak, shi ya sa za ka je a ɗebi jininka, gobe a miƙo maka takarda. Sikizofireniya ba haka take ba. Ɗaruruwan zare ne aka saƙa wuri guda. Babu wani ɗakin gwaji, a Kano ko a Landan, da zai ɗebi jininka ya ce maka: kai jeka ka sha abinka, ba abin da za ta yi maka. Babu. Duk wanda ya kunna nadin farko, caca ya shiga, kuma da hankalinsa ya sa kuɗin.

Shin gadon yana da ƙarfi? Ƙwarai kuwa. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin haɗarin da ke tsakanin mutane daga gado yake. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon, haɗarinsa ya ninka na sauran jama'a sau da yawa, akan ƙiyasta shi wajen 1 cikin 10. Amma ku juya lissafin: 9 cikin 10 ba sa kamuwa. Hatta tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, in Hassan ya kamu, sau da yawa Husaini ba ya kamuwa. Ma'ana gado ba hukunci ba ne. Gado busasshiyar ciyawa ce a bayan gida. Tana iya shekara 70 ba ta kama ba. Wiwi kuma ashana ce. Ba ita kaɗai ce ashana ba, akwai wahalar haihuwa, akwai azabar da yaro ya sha yana ƙarami, akwai matsanancin ƙunci. Sai dai a cikinsu duka, wiwi ce wadda kai da hannunka kake ƙyastawa.

Hujja fa? Ga ta. A ƙasar Suwidin an bi samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja, aka bibiye su shekara 15, aka fitar da sakamako a 1987. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su, sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau 6 wajen kamuwa da sikizofireniya. A 2019 wani bincike a wurare 11 na Turai da Brazil ya nuna mai sha kullum haɗarin taɓin hankalinsa ya ninka sau 3, in kuwa mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau 5. A 2023 masana a Denmark suka duba bayanan lafiyar mutum kusan miliyan 7, suka ƙiyasta cewa a cikin samari 'yan shekara 21 zuwa 30 da suka kamu, har kusan kashi 30 cikin 100 da ba su kamu ba in da ba su faɗa jarabar wiwi ba. Kuma an lura masu sha ciwon yana riga zuwar musu, da kusan shekara 3.

Don adalci, akwai wata fuskar. Wasu binciken sun nuna cewa wanda ya gaji haɗarin ciwon, ya fi saurin jarabtuwa da wiwi tun farko. Wato hanyar biyu ce, kowane yana jan ɗan uwansa. Amma ka duba, wannan ba sassauci ba ne a gare mu. Ma'anarsa wanda ta fi yi wa daɗi, mai yiwuwa shi ne wanda ta fi yi wa illa.

Sannan mu koma kan wane ɗin nan da ya shekara 20 yana sha. Tambaya: abin da ya fara sha a zamaninsa, shi ne ake sayar wa ƙannenmu yau? A Amurka, inda suke auna abin da aka kama, ƙarfin THC ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014. Mu ma nan, ban da wadda ake nomawa a dazukan Ondo da Edo, kuna jin sunayen da hukumar NDLEA ke ambata in ta yi kamu: Loud, Arizona, Colorado. Wasu irin da aka inganta ne don ya yi ƙarfi. Wasu kuma, irin su Colos, sau da yawa ma ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta. THC rabin buɗewa yake wa kwaɗon CB1. Waɗannan sinadaran kuwa ɓalle ƙofar suke gaba ɗaya. Bidiyoyin da kuke turawa juna a WhatsApp na yaro yana birgima a kwata kuna dariya, abin da kuke kallo kenan.

Kada kuma a ce maganar Turawa ce kawai. Tun 1964 likitan ƙwaƙwalwa Tolani Asuni, na asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu kan wiwi da taɓin hankali a Najeriya. Yau kuwa abin ya wuce nan. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. A Jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, sama da mutum miliyan 1. A shekarar nan ne BBC ta fitar da fim ɗinta kan kodin, duniya ta ga yaranmu a cibiyar Ɗorayi, gwamnati ta haramta maganin tarin. Muka yi ta maganar kodin da tiramol, ita kuwa wiwi muka bar ta a matsayin ganye kawai.

Akwai wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. An fara gyarawa. A 2020 an wallafa bincike kan sikizofireniya a ƙabilar Xhosa ta Afirka ta Kudu, kuma akwai wani babban shiri mai suna NeuroGAP a Habasha da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu. To ƙannena da ke karatun likita da kimiyyar halittu a Jami'ar Bayero, ga fili nan. Me zai hana gobe a ji sunan ɗayanku a kan binciken da aka yi da jinin Hausawa, don amfanin Hausawa?

To, a aikace me za mu yi? Abu huɗu zan roƙa.

Na farko, iyaye, ku daina ɓoye tarihin gida. In akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali a dangi, kaka ne, kawu ne, gwaggo ce, ku zaunar da 'ya'yanku in sun tasa ku gaya musu, kamar yadda za ku ce gidanmu akwai ciwon suga, a rage zaƙi. Tunda babu gwajin jini, tarihin dangi shi ne gwajin da muke da shi. Abokina bai san da baffansa ba sai a ofishin likita. Kullum ina tambayar kaina, da ya sani yana ɗan 16, zai karɓi nadin nan?

Na biyu, kuma wannan da babbar murya: kada wani ya ɗauki maganata ya mai da ita makamin fasa aure ko gorin dangi. Na faɗa, mafi yawan 'ya'yan masu ciwon ba sa kamuwa. Kuma da yawan masu kamuwa ba a san kowa da ciwon a danginsu ba. Kai mai gorin, ka san abin da ke cikin naka jinin? Gorin nan shi ne ya sa ake ɓoyewa, ɓoyewar kuma ita ce ta kai mu inda muke. Wanda kuma babu tarihin a gidansu, kada ya ce ya samu lasisi.

Na uku, mu san alamomin farko. Yaro ya janye daga mutane, barcinsa ya rikice, karatunsa ya faɗi ba dalili, ya fara zargin na kusa da shi, yana magana shi kaɗai. In ka ga haka, musamman in yana sha, kada a jira ya fara tuɓe riga. Kuma in mutum ya taɓa birkicewa bayan ya sha, ko da ya dawo daidai bayan kwana biyu, wannan gargaɗi ne babba. A Denmark da Finland an bi irin waɗannan, aka ga sama da 4 cikin 10 daga baya ciwon ya zauna musu. A kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na Kaduna akwai Barnawa, na Sakkwato akwai Kware. Likitocin sun yi kaɗan, ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, za a sha layi. Amma akwai magani, na haɗiya da allurar wata-wata, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon samun sauƙi. Ban ce a bar addu'a ba. A yi addu'a, a kuma sha magani, ba kishiyoyi ba ne. Abin da na ce a bari shi ne sasari da bulala. Kun tuna abin da aka gani a 2019 da aka buɗe irin gidajen nan a Rigasa da Daura. Kuma tun Janairun 2023 Najeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mai lalura haƙƙin a mutunta shi.

Na huɗu, kai ɗan uwana da kake sha yanzu, ba zagin ka na zo yi ba. Na san wani rashin aiki ne, wani baƙin cikin gida ne, wani ɗan siyasa ne ya fara saya masa lokacin kamfe. Amma ka daina auna kanka da wane. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kwaɗon kan wane daban, naka daban, kuma ba ka da hanyar leƙawa ka gani. Malamanmu suna karantar da mu cewa hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare. In dukiya ta tafi ana mayarwa. Hankali fa? In ka kasa bari kai kaɗai, ba abin kunya ba ne, nemi taimako. Ka samu wani babba da ka yarda da shi, ko ka je asibiti kai tsaye. In kuma an riga an ɗora ka a kan magani, ka sani komawa wiwi na cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwon.

Wasu za su tambaya, ina abokin naka yanzu? Alhamdu lillahi, yana nan. Shekararsa ta biyar kenan a kan magani. Ya samu sauƙi sosai, yana zama a shagon yayansa yana aikin guga da sa maɓalli. Jami'ar da muka yi mafarkin shiga tare dai bai shiga ba. Na gaya masa zan yi wannan shirin, na nemi izininsa. Ya ce in yi, amma in gaya wa yara abu ɗaya: shi da wancan abokin namu nadi ɗaya suka sha.

Nan zan dasa aya. In kana da ƙani ko ɗa da ya kai shekara 13, kada ka tura masa shirin nan kawai, ka zauna ku saurara tare. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu tattauna kan yadda iyali za su zauna da mai wannan lalura a gida ba tare da kulle shi ba. Ku aiko da tambayoyinku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya bar mu da hankalinmu har ƙarshen rayuwarmu.